Namijin iguwana ya rikice da cizo: shin a nemo masa mace?

"Assalamu alaikum. Ina da iguwana namiji, irin koren nan. Na saye shi yana ƙarami a hannun wani mai sayar da dabbobin ƙasar waje a Legas, yanzu ya kai shekara huɗu a gidana a Kaduna. Da can har kafaɗata yake hawa. Tun shigowar hunturu ya canza: jikinsa ya koma ruwan goro, ya rage cin abinci, kullum sai gyaɗa kai. Ya cije ni a hannu har sai da aka yi mini ɗinki, kuma da ya hango maiɗakina sai ya sauko ya bi ta. Wani abokina ya ce mace yake so, in na nemo masa ita zai kwanta, kuma in samu 'ya'yan sayarwa. Shin in bi wannan shawara? In ba haka ba, yaya zan yi da shi?"

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara sauƙin hannu. Tambayarka gida biyu ce, ko da yake abokinka ya haɗe su wuri guda. Na farko, me ya sami dabbar nan kuma yaya za a zauna da shi lafiya? Na biyu, ko ya kamata ka shiga haɗa iguwana don su hayayyafa? Amsata a kan na biyu ita ce kada ka yi. Mace ba za ta kwantar da shi ba, kuma za ta shigo maka da wasu matsaloli da suka fi cizon nan nauyi, ciki har da waɗanda kan kashe ita macen. Na farkon kuwa yana da sauƙi fiye da yadda kake zato, domin abin na lokaci ne, zai wuce, sai dai zai dawo baɗi.

Abin da ke faruwa a jikinsa

Koren iguwana babban ƙadangare ne ɗan asalin nahiyar Amurka, daga kudancin Meziko ya ratsa ƙasashen Amurka ta Tsakiya har Barazil da Faraguwe. A kan bishiyoyin bakin ruwa yake rayuwa, ganye da fure da 'ya'yan itace ne abincinsa, don haka kada a kwatanta kiwonsa da na damo ko guza, waɗanda ke cin ƙwari da nama. Babban namiji yakan kai mita ɗaya da rabi zuwa biyu in an haɗa da wutsiya, nauyinsa kilo 4 zuwa 6, wani ma ya fi, kuma in ya samu kulawa yakan yi shekara 15 zuwa 20. Yana balaga ne tsakanin shekara 2 zuwa 4. Wato naka yanzu ya cika namiji.

A can ƙasarsu lokacin barbara na zuwa ne da rani. Mace ta yi ƙwai tun rani bai fita ba, 'ya'yan su ƙyanƙyashe daidai faɗuwar damina lokacin da sabon ganye ya tsiro. Jikin dabbar yana karanta wannan lokaci ne daga sauyin tsawon yini da bushewar iska, saboda haka ba abin mamaki ba ne naka ya tashi da shigowar hunturu. Sinadarin mazakuta ya ƙaru a jininsa, shi ne ya kawo duk abin da ka lissafa. Launin ruwan goron nan, musamman a ƙafafu da ƙayoyin baya da fatar da ke reto a ƙarƙashin maƙogwaro, adon neman mata ne. In ka duba cikin cinyoyinsa za ka ga jerin ƙananan ramuka sun kumbura, wani abu mai kama da kakin zuma yana leƙowa daga cikinsu. Da shi yake shafe reshe da bango don ya bar ƙanshinsa, ya nuna wurin nasa ne. Gindin wutsiyarsa zai nuna ƙullutu biyu, nan ne gabansa yake ɓoye, domin biyu gare shi. Wani lokaci za ka tsinci wani farin abu busasshe mai tauri a cikin kashinsa ko a ƙasan keji, maniyyi ne da ya daskare, ba cuta ba ce.

Rage cin abincin ma na cikin tsarin. Namiji a daji yana kama reshe mai tsayi ya tsare, ya wuni yana nuna kansa ga mata yana korar maza, ba ya samun sukunin kiwo, har ya rame. Wannan hali kan ɗauki wata ɗaya zuwa uku, a wasu ya zarce haka.

Batun maiɗakinka kuwa, likitocin dabbobi masu rarrafe sun daɗe da rubuta shi: namijin iguwana da ya saba da mutane yakan kai wa matar gida hari a wannan lokaci, kuma an lura abin ya fi tsanani lokacin da take al'ada. Wanda ya tashi a hannun mutane ba ya bambance mu da jinsinsa sosai. Wani mutum yana ɗaukarsa abokin gaba, wani kuma yana ɗaukarsa abokin barbara, kuma duka biyun da haƙori yake tunkararsu, domin ko macen iguwana da cizo a ƙeya yake kama ta. Ka bayyana wa uwargida wannan, don kada ta ɗauka tsana ce ko wani abu daban, kuma ka ɗauke mata duk wata hidimarsa har lokacin ya wuce.

Kafin ka jingina komai ga barbara, akwai abin da ya kamata ka tabbatar. Iguwana mai ciwo ma yana daina ci, yana kuma yin faɗa in an taɓa shi. Bambancin shi ne mai neman mace idonsa a buɗe yake tar, yana da ƙarfi, yana hawa yana sauka, yana riƙe reshe gam. Mai ciwo yana kwance a ƙasa, ido a lumshe, ƙafafu ko muƙamuƙi a kumbure, yatsu na rawa, ko ka ga kashi ya ɗauke masa kwana da kwanaki. Ka riƙa auna nauyinsa kowane mako a kan sikeli. In ya zubar da fiye da kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, ko ka ga ɗaya daga cikin waɗancan alamu, sai likita. Daga bayanin da ka rubuto na fi karkata ga barbara, amma gwajin jini da taɓa dabbar da hannu ne kawai ke iya kore ciwon ƙoda, wanda ya yi yawa a iguwanan da suka kai irin wannan shekaru, musamman waɗanda aka taɓa ba ƙwai ko nama ko abincin kare.

Yadda za ka zauna da shi

Fara da koyon karanta jikinsa, domin da wuya ya yi cizo bai yi gargaɗi ba. Gyaɗa kai a hankali sama da ƙasa, irin na jan gwada a kan katanga, sanarwa ce kawai cewa yana nan kuma wurin nasa ne. Wanda za ka ji tsoro shi ne in ya miƙe a kan ƙafafunsa huɗu, ya matse jikinsa ya yi faɗi ta gefe, ya baje fatar maƙogwaro, ya juyo maka da gefensa yana tafiya a karkace, kai yana karkarwa da sauri, wutsiya tana motsi a hankali. In ka ga baki ya ɗan buɗe kuma ƙwayar idonsa tana tsukewa tana buɗewa, to saura ƙiris. A wannan hali ka ja baya ba tare da ka juya masa ƙeya ba, ka sa wani abu a tsakaninku, ko faifan katako ne ko murfin babbar roba.

Daga yau ya daina yawo a tsakar gida, ya daina hawa kafaɗa. Haƙoransa ƙanana ne amma bakinsu kamar zarto yake, an yi su ne don yanke ganye, kuma in ya kama sai ya girgiza kai ko ya murɗa jiki. Cizon da ya sa aka yi maka ɗinki a hannu, a fuska yana iya tafiya da leɓe ko tsinin hanci. Yara kada su kusanci kejin ko kaɗan. Dama ko ba lokacin barbara ba, iguwana na ɗauke da ƙwayar cutar salmonela a hanjinsa, shi ya sa hukumomin lafiya a Amurka ke ba da shawarar kada a ajiye dabba mai rarrafe a gidan da ke da yaro ɗan ƙasa da shekara 5.

Sai keji. Yawancin faɗan da muke gani a kiwon iguwana ƙuncin wuri ne ke ninka shi. Babban namiji na buƙatar wuri mai tsawon mita 3 ko kusa da haka, faɗin mita ɗaya da rabi, tsayin mita 1.8 aƙalla, da rassa masu kauri da shimfiɗar katako a sama inda zai kwanta ya hango ko'ina. Ka kawar da madubi da duk wani abu mai sheƙi, har gilashin taga da fuskar talabijin, domin in ya ga kansa zai ɗauka wani namiji ne ya shigo masa, ya wuni yana dukan gilashi har ya fasa hanci. In kejin yana kallon hanyar da mutane ke yawan wucewa, ko yana hango kare ko kyanwa, ka rufe gefe biyu ko uku da labule ko tabarma. Ka lura kuma da kayan da ake sawa. Masu kiwo da yawa sun ga wani launi na musamman yana tayar da nasu, galibi kore ko ja ko ruwan goro. In ka gano wata riga ce ko wani zane ke tunzura shi, a ajiye shi sai bayan wata biyu.

Akwai dabarar da take aiki ga mafi yawansu, ko da yake mutane kan yi mamaki in an faɗa musu. Ka naɗe tsohon tawul mai kauri, kore in da hali, ka ɗaure shi da ƙyalle ya yi tsawon kamu biyu, ka jefa masa lokacin da ya taso. Zai cije shi a wuya, ya hau, ya sauke abin da ke damunsa a kai. Bayan nan yakan lafa na sa'o'i. Ka ajiye irin wannan tawul kusa da ƙofar keji a ko da yaushe, kada kuma ka sa mai zare-zare ko maɓalli da zai iya haɗiyewa.

In dole ka ɗauke shi, don shara ko zuwa asibiti, sa riga mai dogon hannu mai kauri da safar hannu irin ta masu walda. Kada ka zo masa ta sama. A tsakiyar kansa akwai wani ɗan tabo mai haske, ido ne na uku da ke gane inuwar abin da ke saukowa daga sama, kamar shaho, don haka hannun da ya zo ta nan abokin gaba ne. Ka jefa masa babban tawul ya rufe kai, duhu na kwantar da shi. Hannu ɗaya ya riƙe bayan wuya da kafaɗu, ɗayan ya riƙe ƙugu tare da ƙafafun baya a jikin gindin wutsiya, ita kuma wutsiyar ka matse ta a hammata don kada ta zabga maka. Kada ka taɓa kama shi ta wutsiya, tana tsinkewa, kuma a babba ba ta cika fitowa da kyau ba. In ya riga ya kama ka, kada ka fizge, fizgar ce ke yaga nama. A rufe masa kai, a kawo ƙyalle da aka jiƙa da sifirit kusa da hancinsa, zai saki. Ka wanke ciwon da sabulu da ruwa mai gudu na mintuna da yawa, ka je asibiti ka gaya musu ainihin abin da ya cije ka, a duba maganar allurar tetanus da maganin ƙwayoyin cuta.

Duka da tsawa da watsa ruwa ba sa koya masa komai, sai dai su tabbatar masa cewa kai abokin gaba ne, kuma wannan darasin ba ya mantawa da shi ko bayan lokacin ya wuce. Haka nan kada ka hukunta shi da rage zafi ko hana abinci. Wurin shan ɗuminsa ya tsaya a digiri 35 zuwa 38, sauran keji 27 zuwa 31, da dare kada ya sauka ƙasa da 23. A nan ne hunturunmu ke cutar da shi: a Kaduna da Kano da Zariya dare na iya sauka ƙasa da digiri 15 a Disamba da Janairu, iska kuma ta bushe ƙwarai, alhali dabbar tana son laima ta kashi 60 zuwa 80 cikin 100. Ka samar da abin ɗumama ɗaki marar haske da dare, ka riƙa fesa masa ruwa mai ɗumi safe da yamma, ka ajiye babbar roba ta ruwa da zai iya shiga ya jiƙa jiki. Bushewa ta yau da gobe tana daga cikin abin da ke lalata musu ƙoda. Hasken rana kai tsaye, ba ta bayan gilashi ba, shi ne abu ɗaya da muka fi masu kiwo na Turai samu kyauta. Keji mai raga a waje da rabinsa ke cikin inuwa ya fi kowace fitila. In a ɗaki yake, dole fitilar UVB, wato mai ba da irin hasken rana da jikinsa ke buƙata, a canza ta duk wata 6 zuwa 12 ko da tana ci, a kunna ta awa 12 a kashe awa 12. Abinci kuwa a ci gaba da ajiye masa kullum ko ba zai ci ba: zogale, rama, ganyen wake, kuɓewa, kabewa da aka kankare, da ɗan gwanda ko mangwaro kaɗan don ruwan da ke ciki. Alayyafo da kabeji jefi-jefi. Piya kada a ba shi sam.

Abu ɗaya na gaggawa da kan faru a wannan lokaci: gabansa ya fito ya ƙi komawa. Za ka ga jan nama a ƙarƙashin gindin wutsiya. In ya wuce 'yan mintuna bai koma ba, ka ɗora shi a kan tawul mai tsabta da aka jiƙa, ka riƙa jiƙa naman da ruwan sukari mai kauri don ya rage kumburi, ka kai shi likita a ranar. In ya bushe ya yi baƙi sai dai a yanke.

Za ka ji wasu na cewa a yi masa fiɗiya. 'Ya'yan marainan iguwana a cikin ciki suke, manne da manyan jijiyoyin jini, don haka aikin babbar tiyata ce, ba irin ta bunsuru ba. Kuma sakamakon ba shi da tabbas. In an yi kafin ya balaga yakan rage faɗa, amma a wanda ya riga ya kai shekara huɗu ya kuma saba da cizo, wani ya sauƙaƙa bayan watanni, wani bai canza ba ko kaɗan, domin tsare wuri ya zame masa ɗabi'a. Ba na ba da shawararta sai an gwada duk abin da ke sama shekara biyu a jere, kuma an sami likitan da ya taɓa buɗe cikin dabba mai rarrafe. Irin waɗannan likitoci kaɗan ne a ƙasarmu. Asibitocin koyarwa na tsangayar likitancin dabbobi a jami'o'i su ne wurin fara tambaya.

Me ya sa mace ba magani ba ce

A daji namiji ɗaya yana tara mata da yawa a yankinsa, kuma kowace tana da damar sauka ta tafi in ta gaji. A keji mace ɗaya ce, babu wurin gudu. Zai riƙa hawanta a kai a kai, kowane hawa da cizo a ƙeya, har wuyan ya zama gyambo. Zai hana ta wurin shan ɗumi da kwanon abinci. Kai kuma da kake fatan samun sauƙi, yanzu ka zama kishiyarsa a kan mace, faɗansa da kai ƙaruwa zai yi. Ƙarshenta sai ka gina keji na biyu, ka ninka kuɗin fitila da na ganye, kuma cizon yana nan.

Sannan ita macen ranta ne a kan layi. Bayan barbara da kamar kwana 65 take yin ƙwai, daga 20 har zuwa 70 a zubi ɗaya. Ƙwan yana cika mata ciki har ya matse hanji, shi ya sa a makonni huɗu na ƙarshe kusan ba ta cin komai, alhali a lokacin ne jikinta ke zare sinadarin kalsiyam don yin ɓawon ƙwai. In abincinta da haskenta ba su cika ba tun watanni kafin nan, daga ƙashinta za a zare shi. Sai ka ga yatsu na rawa, ƙafafun baya sun mutu, ƙashi yana karyewa da ƙaramin tsalle, kuma tsokar da za ta turo ƙwan ba ta da ƙarfi. Ƙwai ya maƙale ke nan. Akwai kuma nau'i na biyu, inda ƙwan ba ya ma barin ma'ajiyarsa: gwaiduwa ta taru ta tsaya, ba ta zama ƙwai ba ba ta kuma narke ba, in ɗaya ta fashe a ciki sai ciki ya ruɓe. Wannan nau'in ba ya jin allurar naƙuda, sai tiyata, kuma hoton ciki ne kaɗai ke bambance shi da na farko.

Ga mai karatu da ke da mace ita kaɗai, wannan sashe ya shafe shi kai tsaye, domin macen iguwana tana yin ƙwai ko babu namiji, kamar kazar gidan gona, sai dai ƙwan ba ɗa a ciki. Alamunta: ta rage ci, ciki ya cika har ana ganin ƙulle-ƙulle ta gefe, ƙafafu da gindin wutsiya suna ramewa, ta fara zirga-zirga tana tonon kusurwa. Abin da ya fi jawo maƙalewar ƙwai a hannun masu kiwo shi ne rashin wurin zubawa. A daji rami take haƙawa mai zurfin rabin mita zuwa fiye da mita ɗaya, in ba ta samu inda ya yi mata ba sai ta riƙe. Ka samo babban duro na roba ko akwati mai murfi wanda za ta iya shiga ta juya, ka huda ƙofa a gefe ta sama, ka zuba yashi mai tsabta da ƙasar lambu marar taki rabi da rabi, zurfin santimita 45 zuwa 60. Ka jiƙa shi daidai yadda in ka dunƙula a hannu zai riƙe ba tare da ruwa ya ɗiga ba, don ramin kada ya rufta mata. Ya kasance da ɗumi, kusan digiri 29, a wurin da ba hayaniya. In ta shiga ka ƙyale ta, leƙe yana sa ta fasa. Za ta fito a rame ƙwarai, fata ta yi laushi a gefen ciki. A jiƙa ta a ruwa mai ɗumi, a ba ta ganye da garin kalsiyam. Mai ciki da ke lafiya tana da kuzari ko ba ta ci. Wadda ta kwanta shiru, ko tana yunƙuri ba abin da ke fitowa, ko ta zuba kaɗan ta tsaya ciki na nan a cike, asibiti za a kai ta a ranar. Kada a matsa mata ciki, kada kuma a saya mata allurar naƙuda da ake yi wa awaki a shagon magani; in hanya a toshe take, allurar na iya fasa mahaifa. Macen da ke shan wannan wahala duk shekara an fi so a cire mata ma'ajiyar ƙwai da mahaifar gaba ɗaya tun tana da ƙarfi. Dole a cire duka biyun, domin in an bar ma'ajiyar za ta ci gaba da zubo gwaiduwa cikin ciki. Ƙwan da aka zuba, in macen ta taɓa zama da namiji, a daskarar da shi a firiza kwana biyu kafin a zubar.

Lissafin 'ya'yan sayarwa

A ce komai ya tafi daidai, ta zuba maka ƙwai 40 masu ɗa. Za ka kwashe su ba tare da ka juya ko ɗaya ba, gefen da ke sama ya zauna a sama, domin ɗan yana manne da ɓawo, juyawa na kashe shi. Za ka binne rabin kowanne a cikin barmikulait (wani ɓarɓashin ma'adini mai riƙe laima) da aka haɗa da ruwa nauyi da nauyi daidai, a injin ƙyanƙyasa mai riƙe digiri 29 zuwa 31, na tsawon kwana 90 ko fiye. Ka auna wannan da yadda wutar lantarki take a unguwarku. Zafi ya haura, 'ya'ya su fito da karkatacciyar wutsiya ko baya. Ya sauka, su mutu a ɓawo. Laima ta yi yawa, ƙwai ya yi fumfuna.

Ranar da suka fito aikin ya fara. Kowanne tsawonsa santimita 17 zuwa 25, ga gudu ga tsoro. Sai an raba su ƙungiya-ƙungiya gwargwadon girma, domin manya na danne ƙanana a wurin ɗumi, ƙananan su daina ci su mutu a hankali. Kowace ƙungiya da kejinta da fitilarta da yankakken ganye kullum. A daji ƙananan kan ci kashin manya don su samu ƙwayoyin halittar da ke narka musu ganye a hanji, saboda haka mai haɗawa dole ya tabbatar manyansa ba su da tsutsar ciki.

Wa zai saya? Gonakin iguwana a El Salbado da Kolombiya sun daɗe da cika kasuwar duniya. A shekarun 1990 dubban ɗaruruwa ake shigarwa Amurka duk shekara, har ɗan iguwana ya zama daga cikin dabbobi masu rarrafe mafi arha a shago. Mafi yawan masu sayen ɗan ƙaramin kore ba su san zai zama dabba mai mita biyu ba. Wasu su mutu a hannunsu da ciwon ƙashi tun suna ƙanana, waɗanda suka rayu kuma in sun kai shekarun naka suka fara cizo, sai a nemi inda za a kai su ko a sake su. Sakin ne ya jawo abin da ake gani a jihar Fulorida ta Amurka, inda suka bazu suna haƙe gindin katangun magudanan ruwa suna cinye shuke-shuke, har hukumar kula da namun daji ta jihar ta sa koren iguwana cikin dabbobin da aka haramta saye da sayarwa a matsayin abin kiwo a 2021. Fotoriko da Taiwan da Fiji duk suna fama da irin wannan. Yanayin kudancin Najeriya, da zafi da laima da bishiyoyin bakin ruwa, ya yi kama da na ƙasarsu ta asali, don haka wannan ba labarin nesa ba ne. Ga kuma doka: iguwana na cikin rukuni na 2 na CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da tsirrai, wadda Najeriya da Nijar duk suka sa wa hannu, wato tsallaka iyaka da shi ko da 'ya'yansa sai da takardar izini.

In duk da haka wani ya dage sai ya haɗa, mafi ƙarancin sharaɗi shi ne mace ta kai shekara 3 zuwa 4 da cikakken jiki, ba 'yar'uwar namijin ba. A killace ta ita kaɗai kwana 90 tare da gwajin kashi kafin su ga juna. Keji biyu daban, a haɗa su na ɗan lokaci ana tsaye a kansu, a raba da zarar an ga barbara ko jini. Likita mai iya tiyata a shirye tun kafin ciki. Da sunayen waɗanda za su karɓi 'ya'yan, waɗanda aka ga kejinsu da ido. Maza biyu kuwa ba a haɗa su wuri ɗaya ko da minti ɗaya ne.

Kai dai Malam, abin da ke gabanka yanzu shi ne ka rubuta ranar da ka fara ganin launin ya sauya da ranar da ya koma cin abinci sosai. Kusan a wannan lokacin zai riƙa tashi duk shekara. Baɗi, mako biyu kafin ranar, ka ciyar da shi da kyau ya tara jiki, ka rufe gefen keji, ka dakatar da fitowa tsakar gida, ka sanar da uwargida da yara. In launin ya dushe kuma ya koma kan kwanonsa, ka fara da miƙa masa ganye da dogon hantsaki na kwana kaɗan, sannan taɓa gefen jiki, sannan ɗauka a kan hannu nesa da fuska. Kafaɗa kuwa, tunda ya kai wannan girma, a bar ta har abada.